Kada Ki Sauke Izgar, Ummi

Gharrafa, Doha

Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya, Ya tsare ki a sama da ƙasa, Ya haɗa ki da mutanen kirki a garin da ba ki san kowa ba. Na cusa ta a ƙaramin aljihun akwatin gogenki, inda kike ajiye ƙaron shafa wa izga, don na san nan za ki fara buɗewa tun kafin ki nemi inda za ki kwanta.

Da baki ya kamata in gaya miki abin da ke cikinta. Na yi ta ƙoƙari a 'yan kwanakin nan, amma duk sanda na buɗe baki sai in ji kaina ina tambayarki ko kin sayi tsirkiyar ko-ta-kwana. Kin san Abbanki, gyara ya iya, hira ba ta cikin abin da aka koya masa. Yau ɗalibin la'asar bai zo ba, uwarsa ta turo saƙo wai yana da wasan ƙwallo, shi ya sa na samu zama. Kafaɗar nan tawa tana yi mini abin da ta saba, kunnen hagu kuma yana ta ƙararsa, saboda haka in kin ga rubutun ya karkace ki yi haƙuri. Na gaji, Ummi. Ba gajiyar yau ba ce, ta shekaru ce, kuma ina so in faɗa miki wasu abubuwa kafin ta hana ni.

Makarantar kiɗan da za ki ta karɓe ki ne bisa sharaɗi. A ƙarshen zangon farko za ki tsaya gaban malamansu ki kaɗa, daga nan su ce ki zauna ko ki koma gida. Ba hannunki nake ji wa tsoro ba. Na koyar da yara da yawa a garin nan, 'ya'yan Larabawa da na Indiyawa da na Turawa, ban ga mai kunne irin naki ba, ko da yake ban taɓa gaya miki ba. Abin da yake damuna shi ne abin da ya faru bara a ƙaramin zauren nan na Mushairib, ranar wasan ɗalibai.

Ranar ce ta farko da na zauna cikin 'yan kallo. A da kullum ina can ɗakin baya ina ɗaure wa sauran yara tsirkiya, sai dai a ba ni labari. Kin yi nisa cikin kiɗan, komai yana tafiya, sai ɗan yatsanki ya zame, sauti ɗaya ya fito ƙasa kaɗan. In ban da ni da ke, ba na jin akwai wanda ya lura. Sai kawai kika sauke izga daga kan tsirkiya, kika juyo hagu inda nake zaune, kina jira. Matar da ke raka ki da fiyano ta ci gaba ita kaɗai na ɗan lokaci, ta ga ba ki biyo ta ba, ta janye hannunta. A mota abin da na iya kawai shi ne ƙara sanyin esi. Washegari Mamanki ta same ni a kicin.

Ta ce, “'Yarka ta ce in ta sake tsayawa a gaban mutane, khalas, ta ajiye gogen ke nan har abada.”

Na ce, “Tsoron taro ne, zai wuce.”

Ta ce, “Wane taro, Malam? Kai take nema da ido. Jira take ka buga fensir.”

Na ɗauki shayina na fita baranda cikin wannan zafi, don ba ni da fuskar da zan zauna a gabanta.

Bari in gaya miki inda fensirin nan ya samo asali. Ina makarantar kwana a Kaduna na fara taɓa gogen Turawa, a wurin wani baƙon malamin lissafi da yake da guda ɗaya a gidansa. Daga baya Allah Ya buɗe hanya aka tura ni karatu wata ƙasar sanyi, na faɗa hannun wani dattijon farfesa. Mutumin nan ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya. Fensir yake riƙewa. Da ka kuskure sauti sai ya ƙwanƙwasa ƙarfen da ake ɗora takardar kiɗa, ƙwas, ka tsaya ka koma baya. Haka na yi shekaruna a gabansa. Na tsane shi iyakar tsana, na sha yin kuka a banɗaki, na kuma rantse ba zan taɓa yi wa ɗan wani haka ba. Ranar da na samu ɗalibina na farko a Doha, ban san lokacin da fensir ya shiga hannuna ba.

'Ya'yan mutane sun samu sauƙi, don sau ɗaya suke ganina a mako, kuma iyayensu suna falo suna sauraro. Ke kuwa gida ɗaya muke. Tun kina da gogen nan ɗan mitsitsi da bai kai tsawon hannuna ba nake ƙwanƙwasa miki. Ina ɗaki kina falo, in kin kuskure sai in buga bango. Muna cin abinci kina rera kiɗan da hanci, sai cokalina ya sauka a kan faranti. Bayan maganar Mamanki na zauna na yi ta laluben rana ɗaya da na bar ki kika kaɗa wani abu daga farko har ƙarshe ban tsayar da ke ba. Ban same ta ba. Ni na haife ki, ni na koya miki, amma ban san yadda kike rufe kiɗa ba, don ban taɓa bari kin kai can ba.

To ga magana ta farko, kuma ita ce babba. Tsayawa a gyara aikin ɗaki ne. A ɗaki ki tsaya yadda kike so, ki maimaita wuri ɗaya har maƙwabta su kai ƙararki. Amma kullum, kafin ki rufe akwati, ki zaɓi kiɗa ɗaya ki kai shi ƙarshe, ko da yatsunki sun shiga daji. A gaban mutane kuwa, sautin da ya fita ya fita, ba a kiran sa ya dawo. Mai sauraro yana mantawa da shi nan da nan, shirun da kika yi ne yake tafiya da shi gida. Malaman can ma sun san yatsa yana zamewa, nasu ma yana yi. Abin da za su zuba ido su gani shi ne me za ki yi bayan ya zame.

Wannan ciwo nawa ba a kanki kaɗai ya tsaya ba. Kina tuna Ustaz Magdi, Bamisiren nan mai ƙaton goge da ake riƙewa tsakanin gwiwoyi, wanda yake kawo miki dabino duk zuwansa? Kin sha tambayata me ya sa ya daina zuwa, ina ce miki aiki ne ya yi masa yawa. Ba aiki ba ne. Mu huɗu muke kiɗa tare a lokacin, ƙananan goge biyu, matsakaici ɗaya, sai nasa. Ni ne na biyu a ƙananan. Irin wannan kiɗa ba shi da mai tsayawa a gaba da sanda yana ba da umarni. Da numfashi ake farawa. Na farko ya ja iska ta hanci, sauran ku ji, ku shiga tare. Mun yi shekaru a haka, har ta kai in Magdi ya motsa gira na san abin da zai yi.

Wata rana muna wasa, zaure cike da mutane, sai Magdi ya shigo a makare, taku ɗaya tak. Sauran biyun suka ji, nan take suka ɗan ja baya suka same shi inda yake. Ni ma na ji. Amma na ce a raina ai takarda ba haka ta ce ba, na ci gaba da tafiyata a daidai. Sai ya zama su uku suna wuri ɗaya, ni ina gaba ni kaɗai, kowa a zauren ya ji abu ya wargaje. Da muka koma ɗakin ajiye kaya, maimakon in kama bakina, sai na buɗe takardar na ɗora masa yatsa a kan wurin. Ya dubi wurin, ya dube ni.

Ya ce, “Gaskiyarka, ya ustaz. Yau kai kaɗai ne a daidai. Mabruk, na taya ka murna.”

Ya rufe akwatinsa ya fita. Daga baya na ji ashe yatsunsa sun daɗe da fara sandarewa, yana ɓoyewa don kada kafil ɗinsa, mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar, ya ji ya ƙi sabunta masa takardar zama. Sauran biyun sun sani. Ni ne ban sani ba, don babu mai kawo mini irin wannan magana. Ƙungiyar ba ta ƙara shekara ba. Ya koma Iskandariyya, na rubuta masa, ya amsa cikin ladabi, a nan zancen ya mutu. Yanzu da tawa kafaɗar ta fara, nake ɓoye ta a makaranta yadda ya ɓoye yatsunsa, babu ranar da ba ya faɗo mini a rai.

A can za a haɗa ki da wasu ku riƙa kiɗa tare, wasu sun fi ki, wasu kin fi su. In abokin kiɗanki ya yi tuntuɓe, ki koma inda yake ku taho tare. In an tashi ki sha shayi da shi, ki bar maganar sai gobe, goben ma ki fara da tambayarsa lafiya. Ki zama wadda mutum zai iya ce wa “hannuna yana ciwo” ba tare da ya ji tsoro ba. Ni ban zama ba, shi ya sa yanzu nake kiɗa ni kaɗai a falo.

Akwai 'yan ƙananan abubuwa kuma, ki yi haƙuri da su, ba zan iya rufe takarda ban yi gyara ko kaɗan ba. Goge itace ne da gam, ba ƙarfe ba. Shekarata ta farko a garin nan na bar nawa a bayan mota a Aziziya da tsakiyar bazara, wai zan shiga kanti in fito. Na haɗu da wani mai gadi ɗan Funtuwa, na ji Hausa bayan na daɗe ban ji ba, hira ta yi daɗi. Kafin in dawo gam ya narke, wuyan gogen ya saki. Na yi makonni ina koyarwa da na aro mai kukan akuya. Inda za ki sanyi ne, abin ɗumama ɗakinsu kuma yana busar da itace har ya tsage. Ki ajiye ɗan soso mai laima a cikin akwatin, in kin shigo daga waje kada ki buɗe shi nan take, ki bari ya saba da ɗakin. Ki sassauta izga in kin gama. In kafaɗa ta yi miki magana ki saurare ta, ni na yi ta danne tawa da man zafi ina cewa jarumta ce, ga ni nan ko hula da ƙyar nake sawa da hannun dama. Da sanyi ranarsu gajeriya ce, azahar da la'asar da magariba suna bin juna a guje, ki tsara bitarki a kansu tun da safe. Kuma ki ci abinci, burodi da shayi ba abinci ba ne.

Saura guda ɗaya, wadda ko Mamanki ban taɓa gaya mata yadda take ba. Kin san sunan Inna kike ɗauke da shi, mahaifiyata, shi ya sa bakina bai taɓa kiran sunanki na yanka ba, sai Ummi. A unguwarmu a Zariya, har ta rasu, abin da aka sani shi ne ɗanta malamin makaranta ne a ƙasar Larabawa. Ni na tsara maganar haka. Kin san idon da mutanenmu suke kallon mai goge da shi, ba ruwansu da na Turawa ne ko na gida. A nan Doha ma, ranar Juma'a in mun haɗu da 'yan gida a bakin masallaci aka tambaye ni aiki, “koyarwa” nake cewa in sauya zance. Wani direba ya taɓa ganin akwatin a hannuna ya ce ko kayan gyaran esi ne, na yi dariya na bar shi a haka. Ni da nake gyara wa kowa, wannan ban gyara ba.

Inna kuwa ta sani. Zuwana na ƙarshe tana da rai na tafi da gogen, don ina da wasa da zarar na dawo, na tura shi ƙarƙashin gado. Wata rana da hantsi, gida ya watse, tana zaune a tabarma tana tsince wake, sai ta kira ni.

Ta ce, “Ɗan nan, ɗauko abin nan ka kaɗa mini, in ji abin da ya raba ni da kai.”

Na ce, “Inna, tafiya ta sa tsirkiyar ta saki, hannuna ma ya kwana biyu bai taɓa ba. Bari in na dawo da Sallah, zan shirya miki mai kyau.”

Ta ce, “Ni na san mai kyau da marar kyau ne? To, Allah Ya kai mu.”

Ta ci gaba da tsince wakenta. Gaskiya ne tsirkiyar ta saki, amma kin san ɗaure ta ba ya kai shan kofin shayi. Tsoron kunnen maƙwabta ne, da tsoron kada sauti ɗaya ya fito ba daidai ba a gaban tsohuwar da ba ta taɓa jin irinsa ba. Kafin Sallar aka kira ni ina tsakiyar darasi a gidan wasu mutane, aka ce Inna ta rasu. Na kaɗa wa jakadu, na kaɗa wa masu duba waya ina kiɗa, na kaɗa wa kujerun da ba kowa, amma uwata ba ta taɓa jin ko ja ɗaya na izgata ba. Wannan ya fi kafaɗar ciwo, kuma ba shi da man shafawa.

Don haka in an tambaye ki aikinki, ki faɗa da bakinki. Ki tsare sallarki da mutuncinki, ki san inda kike kaɗawa da waɗanda kike kaɗa wa, sauran kuma ki bar wa masu magana maganarsu. In wanda yake ƙaunarki ya ce ki kaɗa masa, ki ɗauko ki kaɗa a yadda kike a ranar.

Yanzu bari in gaya miki abin da ya sa na samu ƙarfin halin rubuta duk wannan. Ranar Talatar da ta wuce na dawo da wuri, Mamanki tana wurin aiki, ke kuma kin ɗauka sai magariba zan shigo. Lif ya lalace kamar yadda ya saba, na biyo matakala da ledar burodi da nono, ina hawa ina hutawa. Ban kai hawanmu ba na jiyo ki. Kiɗan Mushairib ne. Na tsaya a bakin ƙofa da makulli a hannu, zufa tana bi na, kin san matakalar nan ba esi. Kika zo daidai wurin nan, yatsan ya sake zamewa. Wallahi, Ummi, hannuna da kansa ya ɗaga da makullin zai buga ƙofar. Sai da na danne shi a ƙirjina da ɗaya hannun, leda da komai.

Ba ki tsaya ba. Kika wuce abinki kamar ba a yi ba, kika hau wurin nan mai wuya, kika sauko. Na zauna a kan matakala na ji ƙarshen. Ashe haka kike rufe kiɗa. Kina barin sautin ƙarshe yana sirancewa a hankali har mutum ya rasa lokacin da ya ƙare. Ba haka na koya miki ba, ba haka takarda ta ce ba, da ina ciki da na buga fensir. Kuma ya fi nawa kyau. Na zauna a nan ina share fuska da hannun riga, ni da kaina ban san zufa ce ko wani abu ba.

Na jira har na ji kin rufe akwati. Sannan na sauka hawa ɗaya, na sake hawowa ina buga ƙafa ina tari, don ki ɗauka zuwana ke nan. Kika buɗe mini.

Kika ce, “Abba, yau ka dawo da wuri.”

Na ce, “Kin yi bita?”

Kika ce, “Kaɗan.”

Na ce, “Ungo nono, sa a firij.”

Abin da bakina ya iya ke nan, da duk abin da ke cikin ƙirjina. Ki yafe mini wannan, ki yafe mini sauran.

Kin ga ke nan kin iya. Abin da ya tsayar da ke a Mushairib ba ya hannunki, a kujerar hagu yake zaune, kuma ba zai bi ki ba. Fensirin ma yana nan a aljihun tebur, na ce da Mamanki ta riƙa rubuta cefane da shi. Ranar da kika tsaya gaban malaman nan, in yatsa ya zame kika ji wuyanki yana so ya juya hagu, ki tuna babu kowa a wurin. Abbanki yana can Gharrafa yana fama da 'ya'yan mutane. Kada ki sauke izgar.

Ni ban san abin da ya rage mini a garin nan ba. Takardar zamana tana hannun makarantar da nake koyarwa, ranar da suka lura da kafaɗar sai haɗa kaya zuwa Zariya. Likita kuma ya ce kunnen hagu tafiya yake yi, na dama ma bai ba ni tabbaci a kansa ba. Shi ya sa nake da roƙo ɗaya. In kin zo hutu, ko sun ce ki zauna ko sun ce ki dawo, ina so ki kaɗa mini kiɗan nan a falo, ina zaune a gabanki, daga farko har ƙarshe. Mamanki ta yarda za ta riƙe mini hannuwa, ta ce in ta kama har da igiya. Inna ta roƙi ɗanta bai yi mata ba, yau ga ɗan yana roƙon mai sunanta. In na ce ki ɗauko, kada ki ce mini tsirkiya ta saki, kada ki ce sai kin shirya mai kyau.

Allah Ya tsare ki daga sanyin garin da sharrin mutanensa, Ya ba ki lafiyar hannu da ta zuciya, Ya kai ki ƙarshen duk alherin da kika fara. Ya dawo mini da ke ina da sauran kunne.

Wassalam,
Abbanki